Fulogin Baƙo Ne a Gidan Manhaja

Ranar da na fara kai wa wani mai kantin magani manhajar lissafin da na shafe watanni ina rubutawa, na sa filash a kwamfutarsa, na kwafe manhajar tare da 'yan fayilolin da na san tana buƙata, na danna ta, sai wata 'yar taga ta fito da saƙon Turanci mai cewa manhajar ba za ta tashi ba domin ba a ga fulogin ɗin Qt mai suna windows ba. Daren da ya gabata, a kan tawa kwamfutar, komai sumul yake tafiya. Mai kantin yana tsaye a kaina, yaran shagon sun bar masu saye suna leƙowa, ni kuwa gumi ya fara karyo mini duk da fankar da ke kaɗawa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne a lokacin ban taɓa rubuta fulogin ko ɗaya ba, wato ɗan fayil da ake jona wa manhaja daga waje don ya yi mata wani aiki, saboda haka ban ma gane wanne ake cigiya ba. Na ce masa, “Alhaji, a yi mini haƙuri zuwa gobe,” na tattara kayana na koma gida.

A daren ne na gano cewa Qt, ginshiƙin da na gina manhajar a kansa, shi kansa da fulogin yake tafiya. Akwai wani fayil mai suna qwindows.dll da dole ne ya kasance cikin wata folda mai suna platforms a gefen manhajar, kuma shi ne tafinta tsakanin Qt da Windows wajen buɗe taga da karɓar abin da mutum ya danna. A Linux wani fayil ne daban yake wannan aiki, haka ma a macOS. Karanta hoton JPEG ma fulogin ne da ke zaune a foldar imageformats, magana da rumbun bayanai na SQLite kuma fulogin ne a foldar sqldrivers. Kwamfutata ta san inda duk waɗannan suke domin a kanta aka girka Qt, ta Alhaji kuwa ba ta taɓa jin labarinsu ba. Ashe ma akwai wata 'yar manhaja mai suna windeployqt da ke zuwa tare da Qt, wadda aikinta kawai shi ne tattaro waɗannan fayiloli ta jera su inda ya dace, ni ne ban karanta takardun bayani har zuwa wannan shafi ba.

Ga wanda bai saba da sana'ar ba, abin da muke kira firemwok, irin su Qt, ya bambanta da laburare na yau da kullum, wato tarin shiryayyun ayyuka da mai rubuta manhaja ke ara, ta fuskar wane ne ke riƙe da linzami. Laburare kai kake kiransa lokacin da ka ga dama, ya yi maka aiki ya koma. Firemwok kuwa shi yake kiranka: kana shirya tagoginka da maɓallanka, ka miƙa masa ragama da umarni guda, daga nan sai ya zauna yana jiran abin da zai faru, idan an danna maɓalli ya tashe ka, idan ka gama ka mayar masa da ragamar. A Qt ana haɗa waɗannan al'amura ne ta hanyar sigina da gurbin karɓarta, wato maɓalli ya yi shela cewa an danna shi ba tare da ya san wa ke saurare ba, duk wanda ya yi rajistar sauraro kuma ya amsa. Wanda ya riƙe ragamar ya daɗe bai mayar ba, misali ya tsaya haɗa rahoton shekara guda a wurin, tagar za ta sandare har Windows ta rubuta a samanta cewa manhajar ta daina amsawa.

Wasu 'yan ƙasar Norwe biyu, Haavard Nord da Eirik Chambe-Eng, su ne suka fara rubuta Qt a 1991, aka sake shi ga jama'a a 1995 ƙarƙashin kamfaninsu da aka fi sani da Trolltech. Nokia ta sayi kamfanin a 2008, sannan Qt ya koma hannun Digia ta ƙasar Finlan a 2012, yau kuma The Qt Company ke riƙe da shi. Ba tarihin ne ya ja ni ba, ganin abubuwan da aka gina da shi ne: fuskar VLC da kusan kowa ke kallon bidiyo da ita, Telegram na kwamfuta, OBS Studio, VirtualBox, QGIS, da dukan tsarin KDE da Matthias Ettrich ya fara a 1996. Na ga cewa abin da ya ɗauki waɗannan zai ɗauki lissafin kantin magani. Zaɓen manhajar da ke zaune a kan kwamfuta maimakon wadda ake buɗewa ta intanet kuwa ba sai na yi dogon bayani ga wanda ya taɓa tsayawa a layi ana ce masa netwok ya ɗauke ba. Mai kanti yana so ya sayar ko akwai sabis ko babu.

Maganar fulogin nawa na kaina ta taso ne bayan masu amfani da manhajar sun zama uku. Na farko yana da firintar rasit mai takarda milimita 58, na biyu tasa milimita 80 ce ta wani kamfani daban, na uku kuma dillalin kaya ne da ba ya son ƙaramin rasit sam, cikakkiyar takarda yake so mai tambarin shagonsa. Abin da na yi shi ne abin da kowane sabon shiga yake yi: na kwafi dukan aikin gida uku, kowane mutum da nasa. Wata biyu ba su cika ba na gano kuskure a lissafin ragin farashi, na gyara a kwafi biyu na manta na ukun, kuma ban sani ba sai da mai shi ya kira ni da daddare ransa a ɓace. Daga nan na yanke shawarar cewa uwar manhajar za ta zama ɗaya tak, duk abin da ya bambanta tsakanin shago da shago kuma a fitar da shi waje ya zama fulogin.

Yadda ake yi a Qt da harshen C++ ba shi da wahalar fahimta. Da farko ana rubuta yarjejeniya, wato wani aji da ba ya aikata komai face lissafa ayyukan da duk mai son shigowa zai iya yi. Tawa ta farko ta ce kowane fulogin na rasit ya faɗi sunansa, kuma ya iya karɓar bayanin ciniki ya buga. Ana ba yarjejeniyar suna na musamman da Q_DECLARE_INTERFACE. Shi kuma fulogin, wanda ake harhaɗa shi daban, wato a mayar da rubutunsa abin da kwamfuta ke iya gudanarwa, ya fito a matsayin fayil mai ƙarewa da dll a Windows ko so a Linux, yana shelanta cewa ya amince da yarjejeniyar ta hanyar Q_INTERFACES da Q_PLUGIN_METADATA. Idan uwar manhajar ta tashi, sai ta leƙa foldar da aka ware, ta ɗauki kowane fayil da QPluginLoader, ta tambaye shi da qobject_cast ko ya san yarjejeniyar, wanda ya sani ta sa sunansa a jerin zaɓi, wanda bai sani ba ta wuce shi. Tun daga Qt 5, wanda ya fito a Disamban 2012, ana iya liƙa wa fulogin ɗan bayani a tsarin JSON da uwar manhajar za ta karanta ba tare da ta loda shi ba, kamar dai a karanta wasiƙar da baƙo ya zo da ita kafin a ce masa ya shigo.

Cikin yini biyu na gama wannan, na kuma ɗauka na ƙware. Ban san cewa rubuta na'urar lodi shi ne ɓangare mafi sauƙi ba, wahalar tana cikin riƙon yarjejeniyar bayan ta bar hannunka.

Bayan wasu watanni wani ya nemi a riƙa nuna masa rasit a allo kafin a buga. Na buɗe yarjejeniyar, na ƙara sabon aiki na nuni, kuma domin tsarin ya yi kyau a ido sai na sa shi a tsakiya, tsakanin faɗin suna da bugawa. Na harhaɗa uwar manhajar, na harhaɗa fulogin ɗin mai wannan buƙata, na gwada, komai lafiya. Sai na tura sabuwar uwar manhajar ga sauran ba tare da na taɓa nasu fulogin ba, tunda a tunanina ban canza musu komai ba. Washegari a wani shago duk wanda ya danna maɓallin bugawa sai manhajar ta mutu nan take, ba saƙo, ba sallama. Dalilin yana cikin yadda C++ ke aiki a ƙarƙashin ƙasa. Bayan an harhaɗa, irin waɗannan ayyuka ba a kiransu da suna, da matsayinsu a wani jeri ake kiransu. Uwar manhajar tana neman bugawa a sabon gurbinta, tsohon fulogin kuwa jerinsa na dā ne, saboda haka abin da ta tarar a gurbin ba bugawa ba ne. Ko da a ƙarshen jerin na sa sabon aikin ba zan tsira gaba ɗaya ba, domin ranar da aka nemi tsohon fulogin ya yi nuni za a miƙa hannu inda babu komai.

Abin takaicin shi ne Qt ya riga ya ba ni maganin, ni ne ban yi amfani da shi ba. Sunan nan na musamman da ake ba yarjejeniya, al'ada ce a sa masa lambar zubi a ƙarshe. Da na canza lambar daga 1.0 zuwa 2.0, da qobject_cast ya ƙi tsohon fulogin cikin ladabi, manhajar ta ce ba ta gane shi ba maimakon ta faɗi. Abin da nake yi yanzu ya ma fi haka: yarjejeniyar da ta riga ta fita ba na taɓa ta ko da wasali ɗaya. Idan sabuwar buƙata ta zo, sai na rubuta yarjejeniya ta biyu a gefenta, uwar manhajar ta tambayi kowane fulogin ko ya san ta biyun, wanda ya sani a nuna masa maɓallin nuni, wanda bai sani ba ya ci gaba da bugawarsa kamar yadda ya saba. A nan ne na fara girmama mutanen da ke rubuta Qt, domin sun ɗauki alkawarin cewa manhajar da aka harhaɗa da wani zubi za ta ci gaba da aiki da zubin da suka biyo baya matuƙar babbar lambar ba ta canza ba. Don cika wannan alkawari ne suke ɓoye kayan cikin kowane aji a bayan wani manuni guda da suke kira d, ta yadda za su iya sauya ciki ba tare da girman ajin ya motsa a idon na waje ba. Shekaru takwas ne tsakanin Qt 5 da Qt 6, wanda ya fito a Disamban 2020. Ni kuwa wata shida ban iya riƙe nawa alkawarin ba.

Akwai wasu tarkuna da ba su kai wannan zafi ba amma suna cin lokaci. Fulogin da aka harhaɗa da kompailar MinGW, wato manhajar da ke yin harhaɗawar, ba zai zauna da uwar manhajar da aka harhaɗa da kompailar Microsoft ba, kuma a Windows haɗa na gwaji da na fitarwa ma matsala ce. Qt ba ya loda fulogin da aka gina da zubin da ya fi nasa sabunta. Duk lokacin da fulogin ya ƙi shiga, kafin a fara zargin kowa a kira errorString a ga abin da ya ce, ko a kunna QT_DEBUG_PLUGINS a bar Qt ya lissafa duk inda ya leƙa da dalilin da ya sa ya ƙi kowane fayil. Da na san wannan a ranar kantin Alhaji, da minti biyar sun isa.

Wani abokina mai aikin taswira ya nuna mini wata hanya daban a QGIS, manhajar da Gary Sherman ya fara a 2002. Ita ma a kan Qt take, amma mafi yawan fulogin ɗinta da harshen Python ake rubuta su: folda guda, fayil ɗin metadata.txt mai bayanin suna da zubi, da wani aiki mai suna classFactory da QGIS ke kira ta miƙa masa hanyar taɓa fuskarta. Ba harhaɗawa, ba rikicin kompaila. Abin da ya fi burge ni shi ne kowane fulogin yana da initGui, inda yake kafa maɓallansa, yana kuma da unload, inda ake sa ran ya kwashe duk abin da ya kafa. Tawa yarjejeniyar ta farko ta tanadi shigowa amma ba ta tanadi fita ba, na kuma ga illar hakan a maɓallan da suka yi ta maimaituwa duk lokacin da na sake loda fulogin. Sai dai Python ma bai kuɓutar da su daga sauyin zamani ba: da QGIS 3 ta fito a 2018, ta koma Qt 5 da Python 3, dole masu fulogin suka sake gyara nasu, waɗanda masu su suka watsar kuma suka tsaya a tsohon zubi.

Tambayar da na fi daɗewa a kanta ita ce iyakar da baƙon zai tsaya. A gidan Bahaushe ana karɓar baƙo a zaure, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwa, ya gama abin da ya kawo shi bai ga tsakar gida ba. Na so in ɗauka cewa yarjejeniyata zaure ce, amma gaskiyar ita ce fulogin na C++ da aka loda yana cikin tsakar gida tsundum, domin wuri ɗaya yake zaune da uwar manhajar a ƙwaƙwalwar kwamfuta, abin da ta isa ta taɓa shi ma ya isa, idan ya yi tuntuɓe kuma tare za su faɗi. Masu Visual Studio Code, wadda Microsoft ta fitar a 2015 a kan wani firemwok mai suna Electron, sun gina zaure na gaske: fulogin ɗinsu suna gudana ne a wani keɓaɓɓen wuri daban da na fuskar manhajar, ana magana da su ta saƙo, shi ya sa wani zai iya lalacewa tagar tana nan a tsaye. Na yi sha'awar tsarin, amma ban koma Electron ba, domin kowace manhajarsa tana tafe da nata Chromium, wato cikakken injin burauza mai nauyi, kwamfutocin da nake tararwa a shaguna kuwa mafi yawansu na hannu ne da suka sha jiki. Abin da na iya yi shi ne rage abin da nake miƙa wa fulogin. A dā ina ba shi hanyar shiga rumbun bayanai kai tsaye, yanzu kwafin bayanin ciniki guda kawai yake samu. Wannan bai hana mai mugun nufi ba, amma ya hana mai kuskure, kuma tunda har yanzu ni da wani ɗalibina ne kaɗai ke rubuta su, kuskuren ne abin tsorona.

Maganar tsofaffin kwamfutoci ta sake ɗaure ni ta wani gefen. Qt 6 ba ya aiki a kan Windows 7, kuma duk da Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020, har yau ina tarar da ita a kan teburan masu kanti da ba su ga dalilin taɓa abin da ke aiki ba. Don haka na tsaya a Qt 5.15, kuma ranar da zan ƙaura dole in sake harhaɗa kowane fulogin a rana ɗaya, tunda Qt 6 ba zai karɓi na Qt 5 ba. Lasisi ma ya shiga lissafin: Qt ya samu lasisin LGPL a 2009, wanda ke ba mutum damar sayar da manhajarsa ba tare da buɗe rubutunta ba idan ya bar laburaren Qt a ware yadda za a iya musanya su, ya kuma cika sauran sharuɗɗan. Mai son amfani da Qt ta Python ya lura cewa cikin hanyoyin yin hakan, PyQt lasisin GPL ne, mai tilasta buɗe rubutun manhaja, ko na saye, PySide kuwa yana da LGPL. Na ga wanda ya gama aiki kaf kafin ya san wannan bambanci.

Harshenmu ma ya kawo nasa darasin. Qt ba shi da matsala da ɓ, ɗ, ƙ, ko ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa, domin rubutunsa na Unicode ne tun daga tushe, kuma fassara fuskar manhaja zuwa Hausa abu ne mai tsari: a naɗe kowace jimla da tr, a tattaro su da lupdate, a fassara a Qt Linguist. Amma kowane fulogin da nasa jimlolin, don haka sai ya zo da nasa fayil ɗin fassara, in ba haka ba za a ga taga rabi Hausa rabi Turanci. SQLite kuwa ba ya daidaita babban baƙi da ƙarami sai a baƙaƙen Turanci, wanda ya rubuta ƙaura da ƙaramin ƙ ba zai samo Ƙaura ba, sai na riƙa mayar da sunaye ƙananan baƙaƙe a cikin Qt kafin in adana kwafin da ake bincike da shi. Mafi taurin kai su ne firintocin rasit, masu karɓar umarnin ESC/POS da Epson ta ƙirƙiro. Waɗanda na gwada ba su da baƙaƙenmu masu lanƙwasa a jerin baƙaƙen da aka dasa musu, ba su kuma da alamar naira, sai su buga alamar tambaya ko wani tarkace a gurbinsu. Mafitar ita ce in zana dukan rasit ɗin a matsayin hoto da QPainter, in tura wa firintar ɗigo-ɗigo. Bugun ya ɗan rage sauri, amma sunan Ɗanladi ya fito da lanƙwasarsa. Wannan gyara gaba ɗaya a cikin fulogin guda na yi shi, ban taɓa uwar manhajar ba, na kai fayil ɗaya a filash na ajiye a foldarsa, kuma a ranar ce na fara jin cewa wahalar da na sha ta biya.

Yanzu uwar manhajar tana da yarjejeniya uku: ta buga rasit, ta nuna shi kafin bugawa, da ta fitar da rahoto. A makon jiya Alhajin nan na farko ya kira ni, yana so idan magani ya kusa lalacewa manhajar ta hana sayar da shi sai da izininsa. Wannan ba bugawa ba ne, ba rahoto ba ne, shiga tsakiyar ciniki ne, kuma fulogin da zai yi shi dole ne ya sami ikon cewa a dakata. Na buɗe sabon fayil na rubuta sunan yarjejeniya ta huɗu da lambarta 1.0, na rubuta aiki ɗaya a ƙarƙashinta na goge, na sake rubutawa na sake gogewa. Na ce wa Alhaji ya ba ni mako biyu, ya yi dariya ya ce wancan karon kwana ɗaya na nema.